Marubucin Sa Kai da Mai Duba Masa Aiki

A shekarun 1990, duk wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram yakan ga mai tebur ya baza waɗansu ƙananan littattafan Hausa, sirara, da hoton budurwa ko na saurayi a bango. Daga Kano ake kawo su, tare da atamfa da sauran kayan fatauci. Ƴan mata sukan saya su ɓoye a ƙarƙashin katifa, matan aure sukan ba juna aro ta kan katanga, wadda ba ta iya karatu ba kuwa sai ta sa ɗanta ya karanta mata. Dattawa suna ganinsu abin ɓata tarbiyya. Waɗansu malaman jami'a kuma suka sa musu suna Adabin Kasuwar Kano, watau haja ce kamar albasa da barkono. Amma ba safai ake tambaya ba wane ne ya zauna ya rubuta su, me ya sa shi, wace wahala kuma ya sha kafin littafin ya iso kan tebur.

Yawancin masu rubutun nan ba sana'arsu ba ce. Akwai malamin makaranta a cikinsu, akwai ma'aikacin ofis, da ɗan kasuwa, da matar aure wadda ba ta ɗaukar alƙalami sai yara sun yi barci. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya yi musu alkawarin biya. Irin wannan mutum shi ake nufi a nan da marubucin sa kai. Ƙarfinsa da rauninsa kuwa daga wuri ɗaya suke fitowa. Yana rubutu ne domin wani abu yana cin ransa, saboda haka maganarsa takan yi gaskiya. Amma shi kaɗai yake aikinsa, ba mai duba masa, saboda haka kurakuransa sukan bi shi har kasuwa.

Da can ma haka aka fara

Mai karatu kada ya ɗauka sa kai baƙon abu ne a rubutun Hausa. Ƙagaggen labari na boko da hannun masu sa kai ya fara. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda yake shugabancin ofishin fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta labari. Ya zaga garuruwa yana lallashin malamai su rubuta, ya kuwa sha wahala, gama mutanen da suka yi karatu suna ganin ƙirƙiro labari wasa ne na mata da yara, bai dace da mai ilimi ba. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East.

Ba ko ɗaya daga cikinsu da yake ci da alƙalami a lokacin. Imam, wanda aka haifa a 1911, saurayi ne mai shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauci. Suna da halin masu sa kai sarai, har da halin aro. Imam da kansa bai ɓoye ba cewa ya ɗebo waɗansu labaran Ruwan Bagaja daga littattafan Larabci da ya karanta. Abin da ya bambanta su da na baya shi ne, suna da mai duba musu. East ya karanta, ya yanke, ya mayar a sake. A 1936 ya sa aka kawo Imam Zariya, ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam dabam, suka yi watanni suna aiki tare, har aka sami Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku. Ana iya kushe wa East abubuwa, gama Baturen mulki ne, yana kuma da nasa ra'ayi a kan abin da ya dace Bahaushe ya karanta. Duk da haka ba mai musun cewa hazaƙar Imam ta sami magogi. Wuƙa kome kyan ƙarfenta, sai an wasa ta.

Sa'ad da ƙofa ta rufe

Shekaru da yawa bayan haka, hanyar marubucin Hausa ta Zariya take bi. Aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, daga baya kuma kamfanin NNPC a 1966. Marubuci yakan aika da rubutunsa ya jira. Hanya ce ƙunƙunta, mutane kaɗan ne suke wucewa, amma wanda ya wuce yakan sami gyara. Ta nan So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, bayan wata gasa ta NNPC, ya nuna cewa mace ma tana da labarin da za ta faɗa.

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya karye. Daga 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada. Manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta, inda ciniki yake tabbatacce, suka bar ƙagaggen labari. A daidai wannan lokaci kuwa masu iya karatu sun yi yawa fiye da kowane zamani, saboda shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci. Ga masu karatu, ga masu son rubutu, amma ba mai bugawa. Sai matasa suka ce, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, bari kowa ya dafa nasa. Suka riƙa kai rubutunsu ƙananan wuraren ɗab'i na Kano, su biya daga aljihunsu, su ɗauko kayan su kai wa masu shagon littattafai.

Abin da ya sa ta rubutu

In ana so a gane abin da yake tura marubucin sa kai, ya isa a dubi Balaraba Ramat Yakubu. An haife ta a Kano a 1959, ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban Nijeriya da aka kashe a 1976. Amma sunan gida bai hana a cire ta daga makaranta tana ƙarama ba. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani babban mutum, auren kuwa bai daɗe ba. Daga baya ne ta koma ajin manya ta ƙara karatu da rubutu. Ta sha faɗa cewa da Hausa take rubutu domin ba a bar ta ta sami ilimin Turanci ba. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da kuma Alhaki Kuykuyo Ne.

Wa Zai Auri Jahila? labarin wata yarinya ce, Abu, wadda mahaifinta ya cire daga makaranta. Saurayin da ake sa ran zai aure ta ya yi boko, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Aka ɗauke ta aka ba wani tsoho, Sarkin Noma. Ta sha azaba a hannunsa, ta gudu Kano wurin ƴar'uwar iyayenta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Duk wanda ya san tarihin marubuciyar zai ga inda labarin ya samo ruwa. Ba kuɗi ne suka zaunar da ita ba, ba kuma neman suna ba. Abin da aka yi mata ne, wanda ba ta da zauren da za ta kai ƙara, sai takarda. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, in ji masu magana, shi ya sa mata suka rungumi littafin.

Haka kuma Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda shi ma bai bi makarantar boko tun yana yaro ba, sai ajin manya. Littafinsa In Da So Da Ƙauna na 1991 labarin Sumayya ce, ƴar masu kuɗi, wadda take son talaka Muhammad, iyayenta kuwa suna so su ba ta wani attajiri, har baƙin ciki ya sa ta faɗa rijiya. Shi da Balaraba da Ɗan'azumi Baba suna cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. Sunan kansa ya nuna halin da suke ciki: sun san ana raina su, suna kuwa tuna wa masu rainin ƙarshen karin maganar.

Inda alƙalami ya yi kaifi, da inda ya dushe

Alhaki Kuykuyo Ne shi ne ya fi nuna marubucin sa kai da kyansa da aibinsa. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, tana da ƴaƴa tara. Mijin yana da hali amma ba ya ba da abin cefane da zai isa. Sai ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rikici ya tashi, aka kori Rabi da ƴaƴanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yara, ta biya kuɗin makaranta. Ƴarta Saudatu ta auri wani mai arziki mai kirki. Shi kuwa Alhaji Abdu, gobara ta cinye shagonsa, aka sace motarsa, ya kama Delu tana cin amanarsa. Daga ƙarshe dangi suka matsa wa Rabi ta karɓe shi.

Wurin da littafin ya yi ƙarfi shi ne tsakar gida. Lissafin cefane, yadda uwa take raba ɗan abin da ke tukunya, yadda maƙwabta da dangi suke shiga maganar aure kowa da nasa, yadda habaici yake tashi tsakanin kishiyoyi, duk wannan an rubuta shi da hannun wadda ta gani da idonta. Malamin jami'a mai digiri uku ba zai iya ƙago shi daga ofis ba. Ƙarshen labarin ma yana da gaskiya mai ɗaci. Rabi ta tsaya da ƙafafunta, ba ta bukatar mutumin nan, amma maza suka taru suka yanke, aka mayar mata da nauyinsa. Marubuciyar ba ta yi kamar wannan abin murna ne ba. Ta bar mai karatu da damuwarsa, haka kuwa ya kamata.

Wurin da ya yi rauni shi ne inda marubuciyar ta ƙosa ta ga an hukunta mugu. Gobara, da sata, da cin amana, duka suka auko wa Alhaji Abdu kusan a jere, kamar an aiko su da takarda. Gaskiya ne sunan littafin ya yi alkawarin haka, amma a zaman duniya alhaki ba kullum yake zuwa da gudu ba. Sau da yawa azzalumi yakan tsufa cikin daula, wannan kuwa shi ne abin da ya fi ƙona zuciyar wanda aka zalunta. Da alhakin ya fito daga halin mutumin kansa, misali ƴaƴansa su girma ba su san shi ba, ya neme su ya rasa, da ya fi shiga jiki. Labarin Saudatu da mijinta kuma zuma ce aka zuba don masu saye. Ya yi daɗi, amma ya koya wa yarinya cewa maganin mugun mai kuɗi shi ne mai kuɗi na kirki. Mai duba aiki na gari da ya nuna waɗannan wurare biyu, ya ce a sake tunani. Duk da haka littafin ya tsaya. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya, Blaft, ya buga fassararsa ta Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi, mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba suka karanta labarin Rabi.

Halayen da wahala ta haifa

Yawancin aibobin da ake ɗora wa masu sa kai, in an bi sawunsu, wurin aljihu suke komawa. Na farko shi ne raba labari kashi kashi. Marubuci ba shi da kuɗin buga littafi mai kauri, sai ya buga na ɗaya, ya tsaya a daidai inda hankali ya tashi, ya jira ciniki ya buga na biyu. Wannan ya koya wa da yawa jan magana. Labarin da zai ƙare a shafi 80 sai ya kai littafi uku, ana ta kwatanta gado da labule da irin abincin da aka jera.

Na biyu shi ne gaggawa. Wanda ya ci bashi ya buga littafi ba ya iya ajiye rubutu wata shida ya sake dubawa. Yadda ya fito daga littafin rubutu na ƴan makaranta, haka yake zuwa wurin mai buga keken rubutu, wanda shi ma yakan ƙara nasa kurakuran. Haruffa masu lanƙwasa sukan ɓace, har a kasa bambanta ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Akan haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a raba waɗanda ya kamata a haɗe. Yaro mai koyon karatu kuwa abin da ya gani a buge shi yake ɗauka daidai.

Na uku shi ne bin abin da ya karɓu. In littafi ɗaya ya yi kasuwa, sai goma su biyo shi da irin labarinsa, mai shago ma abin da zai tambaya ke nan. Ga kuma aro daga finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo. Aro ba laifi ba ne, gama Imam ma ya yi. Bambancin shi ne, Imam yakan sa wa baƙon labari riga da hula har ya zama ɗan gari, mai gaggawa kuwa yakan bar shi da kayan da ya zo da su.

Bayan wannan duka akwai wahalar da ba ta bayyana a shafi. Mai shago yakan karɓi littattafai bashi, ya biya kaɗan kaɗan, ko ya ƙi biya. Masu ba da haya sukan sayi kwafi ɗaya mutum hamsin su karanta. Mace marubuciya kuma tana da nata ƙarin kaya, gama in ta rubuta labarin muguwar mace sai a ce halinta ne, in ta rubuta na mugun miji sai a ce da mijinta take.

Masu suka da masu wuta

A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridun arewacin Nijeriya a kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi yana cikin waɗanda suka fi sukarsu, Abdalla Uba Adamu kuwa yana cikin masu kare su, yana cewa sun sa dubban mutane karatu da harshensu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, muhawarar kuma ta yi amfani, domin aƙalla an ɗauki marubutan a bakin wani abu. Abin da bai yi amfani ba shi ne na 2007, sa'ad da hukumomin Kano suka tara littattafan da aka karɓe daga hannun ƴan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Wuta ba ta gyara jimla ko ɗaya ba. Ba ta koya wa kowa yadda ake gina labari ba. Lalle akwai littattafan da ba su dace da yara ba, iyaye kuma suna da hakkin sa ido. Amma wanda ya ƙone littafi bai karanta ba, ya ƙone har da kukan yarinyar da aka yi wa auren dole.

Yau da gobe

Yanzu teburan nan sun ragu. Yawancin masu sa kai sun koma rubutu a wayar hannu, suna rarraba labari shafi shafi ta WhatsApp da Facebook da Wattpad. Wahalar kuɗin takarda ta tafi, amma gaggawa ta ninka, gama masu karatu suna jiran ci gaba kowace safiya, abin da aka rubuta da dare kuwa kafin gari ya waye ya riga ya bazu. Mai dubawa ya ƙara nisa. Wani abin ƙarfafawa shi ne gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata. Amfaninta bai tsaya ga kyauta ba. Ta sa wa labari iyaka, ta sa alƙalai su karanta, ta tilasta wa marubuciya ta zaɓi abin da za ta bari da abin da za ta zubar.

A Nijar nauyin ya fi haka. Makarantar gwamnati da Faransanci ta daɗe tana koyarwa, ko da yake tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta harshen gida a Damagaram. Saboda haka saurayin da yake son rubuta labari da Hausa sau da yawa shi ya koya wa kansa ƙa'idar rubutun, ko a ajin yaƙi da jahilci, ko daga littattafan Kano ɗin nan da kurakuransu. Ga shi kuwa yana da labaran da ba wanda zai rubuta masa: na ɗan ci-rani da ya tafi ya bar mata da ciki, na shekarar fari, na rikicin gona tsakanin ƴan'uwa bayan rasuwar uba.

To, in irin wannan yaro ya kawo wa malaminsa ko wani dattijo littafin rubutu cike da labari, hanya biyu ce mai sauƙi, dukansu kuwa ba su da kyau. Ɗaya ita ce a ce masa ya bar shirme ya nemi sana'a. Ɗaya kuma a ce madalla, ya yi kyau, ba tare da an karanta ba. Hanya ta uku tana cin lokaci. A karanta har ƙarshe da fensir a hannu. A nuna masa shafin da ya faɗi abin da ya sani, a ce ya ƙara irinsa. A nuna masa inda ya kwaso daga fim, da inda ya kashe mugu don ya huta, da inda ya manta lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Sa'an nan a ce ya ajiye littafin wata guda, ya sake rubutawa, ya komo da shi. Shi kuma marubucin ya koyi haƙurin jin gyara, gama wanda ya yi fushi da mai nuna masa kuskure zai ji shi daga bakin kasuwa, inda ba a sassautawa. Abubakar Imam yana da shekara 22 sa'ad da aka mayar masa da rubutunsa da alamun gyara, bai kuwa yar da alƙalami ba.